Babi na Shida: Ruwan da Ba Daga Sama Ya Zubo Ba

Ƙusoshin ne suka fara ɗaure mini kai. Na hau tsani, na ture murfin silin da kafaɗa, na haska tocila cikin duhu, sai ga ɗaruruwan ƙusoshi sun leƙo ta ƙarƙashin katakon rufi, jere-jere. Kowace ta yi jawur da tsatsa, kuma a bakin kowace akwai ɗigon ruwa a rataye, kamar ƙwallar da ta taru ta ƙi zubowa. Katakon da ke kewaye da su ya yi baƙi dabbare-dabbare, irin baƙin da kan fito wa tabarma idan an manta da ita a jingine har damina ta wuce. Ga wani wari mai nauyi, tsakanin warin tsohon rumbu da na rigar da aka ninke ba ta gama bushewa ba.

Daga ƙasa mai gidan ya ɗaga murya: "Yaya, ka ga inda yake yoyon?"

Ban gani ba, domin babu shi.

Watan Janairu ne, a wata unguwa gabas da birnin Bankuba, a gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Kanada. Mai gidan ƙanena ne, ɗan baffana. Ya daɗe a can, ya yi iyali, ya ci bashin banki ya sayi gidan katako mai hawa biyu wanda ya kusa girme shi. Hunturu biyu ke nan yana ganin naso a kusurwar silin ɗakin yara. Ya kira mai gyaran rufi, mutumin ya hau ya duba bai ga ko tsaga ɗaya ba, ya ce rufin ne ba ya shan iska, ya huda masa ƙarin kafofi a sama, ya karɓi kuɗinsa. Da sanyi ya dawo, nason ya dawo, har ya fi na bara faɗi. An gudu ba a tsira ba.

Ban ga laifinsa ba da ya zargi ruwan sama. Mutanen Bankuba suna da tabon ruwa a zuciya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 an gina dubban gidaje a wannan yanki da fasalin da bai dace da ƙasa mai ruwa ba, ruwan sama ya kutsa cikin bangaye ya ruɓar da katako, mutane da yawa suka tsiyace wajen gyara. A 1998 gwamnatin lardin Biritish Kolombiya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon firimiya Dave Barrett, asarar kuwa da biliyoyin dala ake lissafa ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa duk wanda ya ga tabo a silinsa, sama yake fara kallo.

Ruwan da ke sauka a filin jirgin saman birnin a shekara bai wuce wajen milimita 1,150 zuwa 1,200 ba, kusan daidai da na Kaduna. Sai dai ruwan Kaduna da ƙarfi yake zuwa, cikin zafi, ya yi tsawa ya ɗauke, rana ta fito ta busar da kome kafin la'asar. Na Bankuba yayyafi ne mai naci, daga Oktoba har Maris, ma'aunin zafi yana yawo tsakanin digiri 3 da 8, rana kuma takan yi mako ba a ga fuskarta ba. Hunturunsu shi ne daminarsu. Abin da ya jiƙe a Nuwamba yana iya kaiwa Afrilu bai bushe ba.

Sai in ɗan bayyana ginin, don mai karatu ya ga abin da nake gani. Mun san sararin da ke tsakanin silin da kwano a gidajenmu, masaukin ɓeraye da jemagu. Su ma suna da shi, amma kayan sun bambanta. Silinsu allon jifsam ne, ɗan'uwan POP ɗin da ake yayi yanzu a gida. A kansa an shimfiɗa wani kauri na audugar gilashi, bargo ke nan da ke hana ɗumin ɗaki tserewa. Sama da bargon fili ne mai kusurwa uku, babu kowa sai rafta. Sannan faifan katako, wanda a bayansa aka bubbuga fale-falen kwalta da ƙusa. Ƙasa da bargo ɗumi, digiri 20 ko fiye, don ana kunna hita dare da rana. Sama da bargo sanyi, daidai da na waje. Duk rigimar wannan babi a kan wannan iyaka take.

Kowa ya taɓa ciro kwalbar lemo daga firji a watan Agusta ya ga ta yi gumi. Ba ta huje ba. Iskar ɗaki ce ta taɓa sanyin gilashi ta sauke ruwan da take ɗauke da shi. Iska mai ɗumi tana iya riƙe tururi da yawa, mai sanyi kaɗan take iyawa. A digiri 20, kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi, tana iya ɗaukar ruwa har giram 17. A digiri 5 ba ta wuce giram 7. To a ce iskar gida tana ɗauke da giram 10, abin da ba baƙo ba ne a gidan da ake girki da wanka tagogi a rufe. Da zarar ta hau sama ta taɓa katako mai sanyin digiri 5, giram 3 sun fi ƙarfinta, dole ta ajiye su. Ƙarfe ya fi katako saurin ɗaukar sanyi, shi ya sa ƙusoshi ke fara kuka.

Ruwan kuwa gidan ne ke samar da shi. Ana kiyasta cewa iyali mai mutum huɗu suna sakin abin da ya kai lita 10 na ruwa a iskar gidansu kowace rana, ta numfashi da wanka da girki da shanya. Gidan ƙanena mutum bakwai ne. Uwargida ba ta yarda da abincin gwangwani ba, tukunyar tuwo da ta miyar kuka sai sun yi tafasar da ta gamsar da ita. Ana alwala sau biyar da ruwan zafi. Kayan yara a ɗaki ake shanya su, don wa zai yi shanya a waje a garin da ba a ɗauke ruwa? Tagogi kuwa tun Oktoba aka garƙame su, ɗan Kano bai haɗa hanya da sanyi ba. Fankar banɗaki mai zuƙe tururi ba a cika kunna ta ba, wai ƙararta ta yi yawa kuma tana cin wuta. Da ɗan gari akan ci gari.

Saura tambaya ɗaya: ta ina tururin ke bi ya hau? Na daɗe ina zaton ratsa allon silin yake yi a hankali, yadda ruwa ke ratsa jikin randa. Yana yi, amma ɗan kaɗan ne. Akwai wani lissafi da malaman gini a Kanada da Amurka suke yawan kawowa. Allon jifsam guda cikakke, ƙafa 4 a ƙafa 8, babu huji ko ɗaya, a tsawon hunturu guda a ƙasa mai sanyi, tururin da zai ratsa shi bai wuce sulusin lita ba. A huda wa wannan allo rami mai inci ɗaya kowane gefe, iska ta riƙa bi ta ciki, ruwan da zai wuce ya kusa lita 30. Fiye da jarka ke nan, ta ramin da babban yatsa zai toshe.

Iskar ba ta buƙatar mai tura ta. Wanda ya taɓa zama a ɗakin ciyawa ana hura wuta ya san hayaƙi jinka yake nufa. Gida mai ɗumi a tsakiyar sanyi haka yake: iska mai ɗumi ba ta da nauyi, tana taruwa a sama tana danna silin, ta ƙasa kuma iskar waje tana shigowa ta maye gurbinta. Dannawar ba ta da ƙarfi, a gida mai hawa biyu ba ta wuce faskal 2 ko 3 a ma'aunin matsin iska ba, abin da fatar mutum ba za ta ji ba. Amma ba ta hutu. Dare da rana, wata biyar ko shida, tana neman kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, silin gidan katako kuwa tsaga ba ta ƙirguwa a jikinsa.

Abin mamaki, su kansu Turawan ba su daɗe da fahimtar haka ba. Rikicin man fetur na 1973 ne ya sa suka dage da lissafin inda ɗumin gidajensu ke zurarewa. Masu bincike daga Jami'ar Firinston sun riga sun ɗauki wata unguwa mai suna Twin Rivers a jihar Niyu Jazi suna auna gidajenta. Lissafin takarda ya ce ga adadin zafin da ya kamata ya fita ta rufi, ma'auni kuma ya nuna ninkin haka. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Gautam Dutt, ya hau saman silin ya yaye bargon, ya tarar da manyan kafofi da magina suka bari a buɗe, iskar ɗumi tana kwarara ta cikinsu ta kewaye bargon gaba ɗaya. A daidai wannan lokaci aka fara amfani da fanka mai auna yoyon iskar gida, dabarar da ta faro a Suwidin, mutanen Firinston suka mayar da ita abin da ake kafawa a bakin ƙofa. A shekarar 1977 ɗin dai, a garin Rijaina na Kanada, aka gina wani gidan gwaji da aka toshe kafofinsa ƙwarai, ya nuna cewa ana iya ɗumama gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan fanka ce wani dattijo ya zo da ita gidan ƙanena bayan kwana uku. Bature ne siriri, gashinsa fari fat, ya ce ya fi shekara talatin yana rarrafe a saman silin mutane. Bai ko kalli rufin daga waje ba. Ya sa aka rufe tagogi, aka kashe hita da tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas, ya kafa wani jan tanti a ƙofar gida da fanka a tsakiyarsa. Fankar tana zuƙe iskar gida tana watsawa waje har sai bambancin matsi ya kai faskal 50, kwatankwacin a ce iska mai gudun kilomita 30 a awa tana bugun gidan ta kowane ɓangare lokaci guda. A wannan hali duk wata kafa sai ta tona kanta, don iskar waje za ta ruɗo ta ciki.

Ya ce in jiƙa bayan hannuna in bi shi. Muka hau bene. A ƙarƙashin fitilar da aka nutsa cikin silin na ji sanyi yana zubo mini kamar an buɗe famfo. Haka a bakin soket ɗin bango, haka a gefen fankar banɗaki. Murfin silin da na ture ranar farko har rawa yake yi a mazauninsa. Dattijon yana riƙe da wani ɗan abu mai fitar da siririn hayaƙi, duk inda ya kai shi sai hayaƙin ya karkace ya gudu. Uwargida da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Ai da turaren tsinke ma ya isa." Da aka fassara masa ya yi dariya ya ce gaskiyarta, masu yi da kansu da shi suke yi.

Kafin mu hau sama ya miƙo mini takunkumi da safar hannu da hular kwano. Na ce hular ta mece ce, ba babur za mu hau ba. Bai amsa ba. Ban yi taku biyar ba na ɗago kai, ƙusa ta ƙwanƙwashi hular da ƙarar da ta sa na yi salati. Ya kuma gargaɗe ni in taka katakon da ke riƙe da silin kawai, don allon jifsam ba ya ɗaukar mutum, kuskure ɗaya sai dai a tsince ni a gadon yara.

Darasin farko a jikin bargon yake. Audugar gilashin ruwan hoda ce, amma nan da can ta yi baƙi ƙirin. Na ɗauka fumfuna ce. Ya ce a'a, ƙura ce. Audugar tana tare zafi amma ba ta tare iska, rariya ce kawai, iska ta wuce ta bar dattinta. Saboda haka duk inda ka ga baƙi, ɗaga, akwai rami a ƙasa. Na tuna 'yan acaɓa da sanyin asuba: rigar saƙa kome kaurinta iska ratsa ta take yi, sai an ɗora mai santsi a kai. Mutanen da ke ƙara bargo a kan bargo ba su toshe ramukan ba, rigar saƙa suke ƙarawa. Sun ma ƙara ɓata lamarin, don yanzu ɗumin da ke ɗan gasa katakon rufi ya ragu, tururin kuma yana nan yana hawa.

Muka fara ɗagawa. Saman kabad ɗin banɗaki, inda aka sauke silin ƙasa don ado, akwai rami da yaro zai iya faɗawa, an shimfiɗa bargo a kai kamar tarkon farauta. Inda bututun masai ya ratsa zuwa sama, mai aikin famfo ya yanke katako kusan ninki biyu na faɗin bututun, ya yi gaba abinsa. Na haska tocila na hango har hawa na ƙasa. Kowace waya da ta hau, mai wayarin ya huda mata rami ya bar shi. Sannan ga wanda ido ba ya kamawa da wuri: a saman kowane bangon da ya raba ɗakuna, inda allon jifsam ya haɗu da katako, akwai siririyar tsaga da ba ta fi kaurin kati ba. Amma ka bi tsawon bangayen gidan duka, gefe biyu, ka tara. Bangon ciki ba cike yake ba, kogo ne, yana shan iskar ɗaki ta soket da ƙasan bango ya kai ta sama.

Babban mai laifin yana can kusa da kusurwa. Fankar banɗaki tana da tiyo da ya kamata ya fita waje. Nan tiyon ya tsaya a hanya, bakinsa a sake, yana fuskantar katakon rufi kamar bakin bindiga. Duk ranar da aka tuna aka kunna fankar, tururin wanka kai tsaye take fesa wa katakon. Wurin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Daga nan ruwan ke bin rafta yana gangarawa ya ɗiga a kan kusurwar ɗakin yara. Ruwa ba ya tsami banza.

Gyaran ba shi da wani sirri, wahala ce kawai da haƙuri. Manyan ramuka ake fara bi, don rami ɗaya na saman kabad ya fi ramukan waya hamsin. A yanko allo ko faifan kumfa mai tauri a rufe, a bi gefensa da danƙo. Ƙananan ramuka da tsagar saman bango, kumfar gwangwani ake fesa musu, tana fita kamar kirim ta kumbura ta daskare. Murfin silin a manna masa roba a gefe, a ɗora masa nasa bargon, a sa masa sakata mai matse shi. Tiyon fanka a sauya shi da mai riga, don kada tururi ya zama ruwa tun a cikinsa, a miƙar da shi ta gajeriyar hanya har waje. A bakin rufi, inda iskar waje ke shigowa, a sa 'yan faifai da za su hana bargo toshe hanyar. Sai an gama wannan duka ake mayar da bargo, in za a ƙara a ƙara. Kwana biyu dattijon da yaronsa suka yi a durƙushe. Da aka sake kafa jan tantin, fankar ba ta sha wahalar da ta sha da farko ba kafin ta kai faskal 50.

Akwai inda ba a wasa, kuma a nan dattijon ya daina raha. Bututun hayaƙi mai zafi ba a kusantar da kumfa gare shi. Ana barin tazara, inci 1 ga bututun gas mai ruɓi biyu, inci 2 ga na bulo, a rufe tazarar da farantin ƙarfe da danƙo mai jure wuta. Tsofaffin fitilun da ake nutsawa cikin silin, in ba waɗanda aka ƙera don a binne su ba, suna iya tayar da gobara idan aka lulluɓe su, gara a sauya su. Gidajen da aka gina kafin 1950 wasu suna da tsohon wayarin da aka ja a kan 'yan kwalaben tangaran, shi ma ba a binne shi. In kuwa ka leƙa ka ga silin cike da wasu 'yan duwatsu marasa nauyi masu ƙyalli, launin toka ko ruwan ƙasa, mayar da murfin ka sauko. Yawancin irin wannan kaya daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana gauraye da asbesto mai lalata huhu. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Gidan da aka toshe sosai, in fankar kicin da na'urar busar da kaya suna zuƙe iska lokaci guda, hayaƙin tukunyar gas yana iya juyowa cikin gida maimakon ya fita. Gubar da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyali a gida idan sun kwana da janareta a ɗaki. Shi ya sa bai tafi ba sai da ya gwada tukunyar, ya kuma ga an kafa ƙararrawar da ke jin wannan guba. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Da a tsakiyar Kanada muke, da labarin ya ƙare a nan. A can sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, tururin da ya hau sai ya daskare ya zama ƙanƙara a jikin katako, fumfuna ba ta girma a ƙanƙara, iskar waje kuma busasshiya ce, da bazara ta zo sai ta kwashe danshin. Dokar gini ta ce a bar kafar shan iska ɗaya bisa 300 na faɗin silin, kuma a irin wannan ƙasa dokar tana aikinta. Bakin teku daban ne. Sanyin bai kai na daskarewa ba, ya dai isa ya jiƙa katako ya bar fumfuna ta ci gaba da harkarta a hankali. Iskar da ake gayyatowa daga waje don ta busar da rufin ita kanta jiƙaƙƙiya ce, danshinta yakan haura kashi 85 cikin ɗari. Da jiƙaƙƙen tawul ake son goge jiki.

A farkon shekarun 2010 hukumar kare masu gidaje ta lardin ta ɗauki nauyin bincike a kan wannan. Abin da aka gano bai yi wa kowa daɗi ba. Akwai rufin da silinsa ba ya yoyon iska sosai, kafofin shan iskarsa sun cika ƙa'ida, amma katakon ya yi fumfuna. Har rufin rumfar da babu ɗaki a ƙarƙashinta, babu mai wanka babu mai girki, an ga ya yi. Dalilin shi ne abin da ke sa ka tashi da safe a ƙarshen damina ka tarar da raɓa a kan mota alhali ƙasa a bushe take. A daren da gari ya washe, duk abin da ke fuskantar sama yana sakin zafinsa zuwa sararin samaniya, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digiri. Rufi ma haka. Iskar teku ta shigo ta kafofin da aka huda mata, ta taɓa katakon da ya fi ta sanyi, ta sauke masa raɓa ta ciki. Gefen da ke kallon arewa ya fi shan wahala, don ranar hunturu ba ta leƙa shi.

Wannan ne ya sa nake ganin shawarar mai rufin farko ta fi rashin amfani muni. Ƙarin kafofi a ƙololuwar rufi, alhali silin yana yoyo, ƙara wa bututun hayaƙi ƙarfin ja ne. Masu kafa fankar lantarki a can sama sun fi shiga uku, don tana zuƙo iskar ɗaki da ƙarfi ta kowace tsaga, mai gida yana biyan kuɗin wuta don a jiƙa masa rufi. Wasu kuma da suka ji labarin raɓar dare sai su ce to mene ne amfanin toshewar, tunda ko an yi fumfuna za ta zo? Ban yarda da su ba. Raɓar dare tana ɓata fuskar katako, ta bar masa dabbare. Tururin gida kuwa shi ke jiƙa shi har ciki. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba ba ya ruɓewa, wanda ya daɗe a wajen kashi 28 zuwa 30 kuwa ya kama hanya. Tsakanin muni da rushewa akwai tafiya. Kuma silin da aka toshe yana hana iskar sama, da duk abin da ke cikinta, saukowa inda yara ke barci.

Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal ko Duwala kada ya ce wannan hirar mutanen sanyi ce. Lissafin ɗaya ne, an dai juya shi. A can ɗaki ne mai sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki, saman silin kuma zafi da danshi. Iskar sama in ta sami kafa ta gefen fitila ta taɓa POP mai sanyi, nan take za ta sauke ruwanta. Baƙin da ke zagaye fitilun silin a ɗakunan otal na bakin teku, sau da yawa ba kwano ne ya huje ba.

Na koma gidan ƙanena bayan shekara guda, a watan Fabrairu. An sa wa fankar banɗaki agogo, tana ci gaba da aiki minti ashirin bayan an fito, sabuwa ce kuma ba ta da ƙara, don haka uwargida ta daina kashe ta. Tuwo yana nan yadda yake, sai dai yanzu fankar kicin tana kunne tun daga ɗora tukunya. Na ɗauko tsani. Murfin silin bai buɗu da kafaɗa ba, sai da na zare sakata biyu, robar gefensa ta saki da ɗan sauti kamar ƙofar firji. Ƙusoshin suna nan da tsatsarsu, amma a bushe. Na rarrafa zuwa gefen arewa, inda tsohon baƙin yake, da wasu 'yan sababbin ɗigo-ɗigo kusa da bakin rufi. Na danna bakin sukudireba a katakon da ƙarfi, kamar yadda dattijon ya nuna mini. Bai shiga ba.

"Yaya, lafiya?" in ji ƙanena daga ƙasa.

Na ce ya riƙe tsanin da kyau, ga ni nan saukowa.